Cajar da ba ta kai dala biyar ba, da matar da ta kashe a Gosford

Duk bayan 'yan watanni sai saƙon nan ya sake zagayowa a WhatsApp, wai kar ka kuskura ka amsa kira waya tana jikin caji, wai batir ne ke tura wani abu cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa da hoton kunne a ƙone a ce ka tura wa mutum goma. Yayata ta turo min shi sau uku a bana kaɗai, kuma kowane karo sai ta ƙara da cewa "kai da kake sana'ar gyaran waya ai sai ka faɗa wa mutane." To yau na zauna zan faɗa, amma ba irin faɗar da take so ba, dan saƙon nan rabinsa gaskiya ne rabinsa shirme, kuma shirmen ne ya fi yawo, shi ya sa za ka ga mutum yana tsoron wayarsa alhali abin da zai iya kashe shi yana can maƙale a bango ya saye shi da canjin da ya rage masa a tasha. Akwai wani lamari guda da ya faru a Ostireliya a 2014, hukumar can ta bi diddiginsa ta fito ta yi bayani a fili, shi nake so mu warware a hankali, dan a ganina duk wanda ya fahimci abin da ya faru a ɗakin nan guda ɗaya ya gama fahimtar maganar gaba ɗaya.

A watan Afrilun 2014 ne, a garin Gosford da ke arewa da Sidni a jihar New South Wales, aka tarar da wata mata ta rasu a ɗakin da take haya. Shekararta 28, 'yar ƙasar Filifin, ma'aikaciyar jinya, uwar yara biyu, ta je can ne neman halalinta kamar dai yadda namu ke tafiya Saudiyya ko Ingila aikin asibiti. An same ta da iyafis a kunne, ga laftof ɗinta da ke jone da wuta, ga waya a jikin caji, sannan ga ƙuna a kunnuwanta da ƙirjinta. Ba a banɗaki take ba, ba ruwa, ba tsawa, ba wayar lantarki a tsinke, ba wani ganganci da za ka nuna ka ce ga laifinta. Abin da take yi shi ne abin da ni da kai muke yi kullum da daddare in mun kwanta, waya a hannu, abu a kunne, kwamfuta a gefe.

Sai a ƙarshen watan Yuni, wato bayan kusan wata biyu, hukumar kare masu sayen kaya ta jihar, wadda suke kira Fair Trading, ta fito ta gargaɗi jama'a, a lokacin Rod Stowe ne kwamishinanta. Abin da suka ɗora wa alhaki shi ne kan caja irin mai ramin USB ɗin nan, wanda kuɗinsa dala 4.95 na Ostireliya, kuma ba shi da shaidar cewa ya cika ƙa'idar lafiyar kayan wuta ta ƙasar. Jami'ansu suka je wani shagon kayan waya a unguwar Campsie cikin Sidni suka kwashe caja da adaftocin matafiya da ekstenshan marasa shaida, suka kuma tuna wa 'yan kasuwa cewa dokar jihar ta tanadi tarar da za ta iya kai dala 87,500 ko ɗaurin shekara biyu ga mutum, kamfani kuma har dala 875,000. Ni dai wata biyun nan ya daɗe yana min yawo a rai, dan a tsakanin rasuwarta da gargaɗin ai kasuwa ba ta tsaya ba, ana ta saye ana kai wa gida ana jonawa a gefen katifa.

Yanzu ga inda nake so a natsu, yadda wutar ta bi. Bayanin da hukumar ta yi shi ne cajar ta lalace daga ciki, sai wutar bango, bolt 240 ɗin nan gaba ɗaya, ta haye ta bi kebul ta shiga wayar maimakon bolt 5 da aka yi wayar dominsa. Daga wayar ta shiga jikinta, sannan ta fita ta iyafis ta gangara laftof, laftof kuma yana jone da soket, shikenan da'ira ta rufe. Kaga kenan wuta ba ta kashe mutum dan kawai ya taɓa ta, sai ta samu mashiga ta samu mafita, shi ya sa tsuntsu ke zama a kan wayar NEPA yana gyaran gashinsa ba abin da ya same shi, dan ba shi da hanyar da wutar za ta bi ta jikinsa ta sauka ƙasa. Ita baiwar Allah nan cajar ce ta buɗe mashiga, laftof ya zama mafita, ita kuma tana tsakiya, kuma hanyar ta ratsa ta kai da ƙirji, inda zuciya take. Da a ce cajar lafiyayya ce, da ta amsa kira ɗari tana caji ba abin da zai faru, kuma da cajar nan ce a hannun wani yaro da ke tsaye ba takalmi a kan siminti mai damshi, ko bai amsa kiran kowa ba, ƙafarsa ce za ta zama mafitar. Amsa kira ba shi ne matsalar ba, abin da kawai yake yi shi ne ya sa ka damƙe wayar ka manna ta a fatarka.

Mutane na yawan ce min ai wutar caja 'yar kaɗan ce, ko ta ja ka ba za ta yi komai ba. Eh, bolt 5 ba ya komai, ko ka riƙe bakin kebul ɗin da hannu ba za ka ji ba. Amma ranar da shingen ciki ya karye ba bolt 5 kake riƙe da shi ba, soket ɗin bango ne a tafin hannunka. Kuma abin da ke kisa ba shi da yawa ko kaɗan. Da mili-amfiya ake auna yawan wutar da ke bin jiki, wajen mili-amfiya 1 ne mutum ke fara jin tsikari, in ta kai wajen 10 zuwa sama sai tsokar hannu ta ƙanƙame ka kasa sakin abin da ka riƙe, wannan shi ne abin da muke cewa wuta ta riƙe shi, in kuma 'yan gommai suka ratsa ƙirji na ɗan lokaci to bugun zuciya na iya rikicewa ta koma karkarwa kawai ba ta tura jini. Fata busasshiya tana ɗan tare wuta, amma jiƙaƙƙiya ko mai gumi tirjiyarta na iya sauka zuwa wajen om 1,000, ka raba bolt 230 da wannan sai ka samu mili-amfiya 230, ya ninka abin da ake tsoro sau da yawa. Kwan fitila mai wat 60 irin na da ma ya fi haka cin wuta, wato wutar da ba ta isa ta haska ɗaki sosai ba ta isa ta tsayar da zuciyar ƙato.

To mene ne wannan shingen da nake ta faɗa? In ka fasa kan caja, ko mai tsada ko mai araha, tsarin kusan ɗaya ne. Wutar bango ta shigo, a miƙar da ita ta koma wajen bolt 325 a cikin wani ɗan abu mai tara wuta da ake kira kafasita, sai wani ɗan tiranzista ya riƙa datsa ta yana saki sau dubbai masu yawa a daƙiƙa ɗaya, ta shiga 'yar ƙaramar taransifoma wadda ba ta wuce girman ƙwayar dabino ba, ta fito ɗaya gefen a matsayin ƙaramar wuta da za a tace a ba wa waya. Wato allon nan da bai kai faɗin akwatin ashana ba gida biyu ne, gefen mutuwa da gefen da kake taɓawa, kuma duk aikin injiniyan kirki shi ne ya tabbatar ba ƙarfen da ya haɗa gidajen nan biyu, ƙarfin wutar ta maganaɗisu kawai yake tsallakawa a cikin taransifomar. Abin da ya raba su abu uku ne zuwa huɗu, kuma dukansu abubuwa ne da mai saye ba zai taɓa gani ba.

Na farko fili ne kawai, tazarar da ake bari a kan allon tsakanin layin babbar wuta da na ƙarama, a caja ta ƙwarai za ka ga wajen milimita 5 zuwa 6, wani lokacin ma har a yanka rami a allon ko a sa bangon roba dan kar wuta ta rarrafa ta saman ƙura. Na biyu naɗin cikin taransifomar, inda waya mai babbar wuta da mai ƙarama suke kwance ɗaya kan ɗaya, a ta ƙwarai ana amfani da waya mai riga uku da tef rawaya a tsakani, a ta jabu kuwa wayar jan ƙarfe ce mai ɗan fenti kawai, sai zafi ya yi ta cin fentin a hankali har ranar da za su sumbaci juna. Sai wani ɗan kafasita, galibi shuɗi, wanda shi da gangan aka ɗora shi ƙafa ɗaya a wannan gida ɗaya a wancan dan rage hayaniyar wuta, shi akwai nau'i na musamman da aka yi shi yadda ko ya mutu zai mutu ne a buɗe, amma masu neman rage kuɗi sai su sa na gama-gari wanda in ya mutu yana iya zama gada. Sai fiyus, wanda a wasu ma babu shi kwata-kwata. A gwajin da ake yi wa caja kafin a ba ta shaida ana ɗora mata wajen bolt 3,000 tsakanin gidajen nan biyu a ga ko za ta jure, dan an san wutar gari ba kullum take zuwa da ladabi ba.

Bari na ba ku abin da idona ya gani. Akwai wata gwangwanin madara babba a ƙarƙashin tebur ɗina, a ciki nake tara kan cajar da mutane suka bari, in rana ta yi sanyi ba kwastoma sai na ɗauki ɗaya na fasa da sukundireba. Wata fara da na fasa kwanaki, a waje kyakkyawa ce wallahi, rubutu tsaf, tambura reras har da na Turai, da ka ɗaga ka ji nauyi sai ka ce orijina ce. Da na buɗe sai ga wani guntun ƙarfe an manna shi da gam a jikin robar, ba abin da yake yi sai ƙara nauyi dan a yaudari hannunka. Allon kuwa kayan da ke kai ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ba fiyus, kuma da na juya bayansa na haska da fitila na sa gilashin da nake duba ƙananan kaya, sai na ga ɗigon dalma na gefen babbar wuta da ƙafar ramin USB tsakaninsu ko kan allura da ƙyar zai shiga, bai kai milimita ɗaya ba. A cikin ɗan wannan tsagin har ƙura ta fara kwanciya. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, cajar nan lafiyarta ƙalau, tana caji, mai ita ya bar ta ne kawai dan ya sayi mai saurin caji. Haka suke, za su yi maka aiki wata shida ba ƙorafi, ba wata alama, har ranar da damshi ko zafi ko wata wuta mai ƙarfi da aka kawo za ta cike ɗan tsagin.

Amma fa kar a ce duk wayar da ta ɗan tsikare ka mutuwa ce ke sallama. Wata Hajiya ta zo min da waya mai jikin ƙarfe ta ce "ɗan nan duba min, wayar nan cizona take in tana caji." Na ce Hajiya cizo irin yaya, kamar ana shafa miki wani abu mai ɗan kaushi in kin goga yatsa, ko kuwa fizga ce har ki saki wayar? Ta ce a'a kamar dai gir-gir haka a bayan wayar. Wannan ɗan gir-gir ɗin ko cajar kamfani mai ƙafa biyu tana iya yinsa, daga shuɗin kafasitan nan yake zuwa, kuma ƙa'ida ta kayyade shi ƙasa da rubu'in mili-amfiya, shi ya sa ma testa ke iya ɗan kawo haske a jikin lafiyayyar caja, dan haka testa kaɗai ba hujja ba ce. Amma da na tambaye ta ko sikirin yana danna kansa in an jona, ta ce ƙwarai kuwa har saƙo ya taɓa turawa da kansa, kuma kan cajar zafi yake har da ɗan ƙara kamar kukan gyare, sai na ce to Hajiya wannan ki bar min ita a nan. Ta ce "ai sabuwa ce, jikana ya sayo min a go-sulo." Na ce na sani Hajiya, shi ya sa.

Kuma lamarin Gosford ba shi ne na farko ba. A watan Yulin 2013 a yankin Xinjiang na ƙasar Sin wata budurwa 'yar shekara 23 mai aiki a jirgin sama ta rasu tana amsa kira a iPhone ɗinta da ke caji, rahotanni suka nuna da alama cajar ba ta kamfanin ba ce, kuma a watan Agusta na wannan shekarar Apple ya fito da shirin karɓar cajar da mutum ke shakka a kanta a ba shi ta asali a kan dala 10. Sai a 2016 kamfanin gwajin lafiyar kaya na UL ya gwada cajar Apple na jabu guda 400 da aka sayo daga ƙasashe takwas, har da Amurka da Sin da ita Ostireliyar, guda 3 kacal suka tsallake gwajin shingen nan da na yi bayani. Uku cikin ɗari huɗu fa. A shekarar dai Apple ya shigar da ƙara a Amurka yana cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na caja da kebul da ya sayo a Amazon da sunan nasa ne, jabu ne. Na kawo waɗannan ne dan kar wani ya ce ai tsautsayi ne ya faɗa wa caja guda ɗaya daga cikin miliyan.

To mu nan fa? Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce, ta Nijar 220, kusan daidai da ta Ostireliya, dan haka lissafin jikin matar nan shi ne lissafin jikinmu. Bambancin kawai shi ne duk abin da ke taimaka wa wuta ta samu hanya mu ya fi mana yawa. Ƙurar hunturu ta shiga cikin caja ta kwanta, damina ta zo ta jiƙa ƙurar, ɗan tsagin nan ya zama gada. Zafin bazara ya sa caja ta yi ta dahuwa ƙarƙashin filo, mutum kuma jikinsa sharkaf da gumi. Wuta a ɗauke a kawo da ƙarfi ba sallama, a tada janareta yana hawa yana sauka, duk wannan dukan a kan shingen yake sauka. Ga simintin tsakar gida da aka yayyafa wa ruwa, ga mu ba takalmi. Ga gidaje da yawa da aka ja musu waya biyu kawai ba atin, wato waya ta uku mai sauke wuta ƙasa, ga al'adar nan ta tura murfin biro ko tsinken ashana a ramin sama na soket dan a cusa caja mai ƙafa biyu, ta zauna a karkace rabin ƙafarta a waje, yaro mai rarrafe na wucewa. Sannan uwa uba yadda muke kwana, tunda ba ka san yaushe za a kawo wuta ba sai ka jona waya ka ajiye ta a kan katifa kusa da kunne, wani ma da iyafis yana sauraron karatu har barci ya ɗauke shi.

Muna da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da tsarin SONCAP da ya ce sai an tantance irin waɗannan kaya kafin a shigo da su, amma kowa ya san caja ƙaramar aba ce, kwali ɗaya zai ɗauki ɗaruruwa, kuma buga tambari a jikin roba ba shi da wuya, wanda ya iya kwaikwayon sunan kamfani ai kwaikwayon alamar inganci ba zai gagare shi ba. In ƙasa irin Ostireliya da dokarta da tararta sai da rai ya salwanta kafin a kwashe kayan daga shago guda, to sai ka auna. Ni ban cika ganin laifin yaron da ke yawo da caja a faranti ba, shi ma bai taɓa fasa ta ya gani ba, da ita yake caja tasa wayar. Ban kuma ganin laifin mai saye sosai, mutum ya tara kuɗi da ƙyar ya sayi waya, cajar ta ɓace ko ta ƙone, a ce masa ta ƙwarai ninki huɗu ko biyar ce ta wadda ke gabansa, kuma duka biyun in ka jona alamar caji za ta fito. Laifin yana can wajen wanda ya zana allon ya san sarai me ya cire, da wanda ya je ya yi oda ya ce a rage masa farashi ko ta halin ƙaƙa. Araha ba ta ado, haka ne, amma nan ba ado aka cire ba, 'yan milimitocin da ke tsakaninka da soket aka cire.

Wasu in ka yi wannan bayanin sai su ce ai kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba mai musun ajali, amma ai ba ka ganin mai faɗin haka ya kama wayar NEPA da hannu dan ya gwada.

Abin da nake gaya wa masu zuwa wajena ba shi da yawa. In cajar da ta zo da wayar tana nan a riƙe ta da kyau, in ta mutu a nemi ta kamfanin da aka san sunansa a shagon da in abu ya faru za ka iya komawa ka same su, ba lallai sai mafi tsada ba, akwai masu matsakaicin kuɗi da na fasa na ga aikinsu tsaf. Wadda ta tsage, ko ƙafarta ke girgiɗi, ko take warin ƙuna, ko ka girgiza ka ji abu na yawo a ciki, kar a naɗe ta da salatif a ci gaba, a fasa ta a jefar dan kar wani ya tsinta. In dole sai ka yi amfani da waya tana caji kuma ba ka yarda da cajar ba, to ka caja fawa bank ka cire shi daga bango sannan ka jona wayar a jikinsa, shi ba shi da alaƙa da soket a lokacin. Masu hali kuma in ana muku wayarin gida ku ce wa mai aikin ya sa atin na gaske ya kuma sa na'urar nan mai katse wuta da kanta in ta ji tana zurarewa, wadda ake kira RCD, mai mili-amfiya 30, ita aikinta ta lura wutar da ta fita ba ita ta dawo ba sai ta datse cikin ƙiftawar ido. Burekar da ke yawancin gidajenmu ba wannan aikin take ba, ita waya take karewa daga ƙonewa, mutum zai iya mutuwa a jikin layi ba ta ko motsa ba dan wutar da ke bin jikinsa ba ta kai ta kunnawa ba.

In kuma Allah ya sa ka tarar wuta ta riƙe wani, kar ka cafke shi, ku biyu za ta haɗa. A kashe soket ko babban makunni, in ba hali a ture da busasshen katako ko roba, in ba ya numfashi a fara danna ƙirji da ƙarfi ba tsayawa ana neman abin hawa. Maganar a ɗura masa madara ɗin nan da ake yi ba ta da wani amfani ga zuciyar da ta rikice, wanda ba ya cikin hayyacinsa ma shaƙe shi za ta yi. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, in ta ratsa ƙirji ko ya suma ko akwai ƙuna a kai shi asibiti a duba bugun zuciyar, dan ƙunar wuta abin da ke ciki ya kan fi na waje.

Yayata dai da na gama tura mata duk wannan a saƙon murya har kashi huɗu, sai ta ce "to kai yanzu a amsa ko kar a amsa?" Na ce Yaya turo min hoton cajarki tukuna. Ta turo, wata baƙa ce an ɗaure wuyanta da kyauron roba, ƙafa ɗaya ta ɗan lanƙwashe, tana cikin ekstenshan a ƙasa dab da randa. Washegari na sayi mai kyau na ba wa direba ya kai mata. Da na je gaishe ta ranar Juma'a na tarar sabuwar tana ɗakin babban ɗanta, wai wayarsa ta fi tsada ita ta fi buƙata, baƙar kuma tana nan inda take kusa da randa, sai da na zare ta da hannuna na sa a aljihu, yanzu tana cikin gwangwanin ƙarƙashin tebur ban ma fasa ta ba tukuna.